Hatimi a Kan Gonar Tafarnuwa

A shekarar da aka buga gasar ƙwallon duniya a ƙasarmu, babu abin da ya kai katin bashi sauƙin samu a birninmu na Daegu. Na sani, domin ina cikin masu raba shi.

Sunana Pyeon Suk-hui. Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗinka wuyan riga a wani kamfanin ɗinki, da aka rufe shi sai na koma bakin ƙofar kasuwa da teburin roba, da tulin takardun cikewa, da kwalin kaskon suya da ake ba duk wanda ya sa hannu. Kowane mutum guda da na kawo, kamfanin katin zai ba ni won dubu ashirin, kuɗin ƙasarmu. Ba a tambayar mutum ko yana da aiki. In dai yana da katin shaida kuma yana iya riƙe biro, shi ke nan.

Rumfa ta uku daga inda nake zama ta Chu Bok-rye ce, mai sayar da kimci, wato tsimammen kabeji mai yaji, da soyayyun ƙananan kifi da sauran abin cin shinkafa. Na girme ta da shekara huɗu, don haka Yaya take ce mini. Mace ce gajera mai ƙarar murya, ba ta da miji, ba ta da ɗa, kuma kullum da rana sai ta aiko mini da ɗan kwano ko ban tambaya ba.

Ranar da na fara miƙa mata takarda, hannunta ta ɓoye a bayan ƙugu.

"Yaya, ni fa da bashi ba ma ga maciji."

"Wa ya ce ki ci bashi? Ki karɓi kasko, ki jefa katin cikin akwati ki manta da shi. Ni dai kai ɗaya ya rage mini in cika adadin wata."

"To kawo. Amma kaskon in zaɓa da kaina, kar ki ba ni mai lanƙwasasshen hannu."

Kafin shekarar ta ƙare kati huɗu na yi mata, duk a ƙarshen wata, duk don in cika adadi.

A damina mijina Gwang-pil, wanda ke tuƙa tasi, ya faɗi a bakin ƙofar gida, rabin jikinsa ya shanye. Wata bakwai ya yi a asibiti. Abin da muka tara ya ƙare a wata na biyu, daga nan sai kati. Ina da guda biyar. In ciro kuɗi daga wannan in biya wancan, in ciro daga wancan in toshe na uku. Duk ranar biyan kowane kati na rubuta ta a jikin kalanda da jan biro, har kalandar ta zama kamar an yanka kaza a kanta. Da za a yi masa aikin tiyata na biyu kuɗi suka gaza, Bok-rye ta je injin banki ta ciro miliyan uku da katinta, ta kawo mini a cikin ledar da take zuba wa mutane kimci.

"Ki biya in kin samu," ta ce. "Kar ki tsaya kina kallona kamar wata baƙuwa."

Gwang-pil ya rasu bayan sabuwar shekara. Kwana ukun zaman makoki Bok-rye ta rufe rumfarta, ita ce ta tsaya kan tukunyar miya tana zuba wa masu gaisuwa.

Ba a yi wata biyu da binne shi ba kamfanonin kati suka farga cewa rabin ƙasar na juya bashi ne kamar yadda nake yi. A mako guda suka rage abin da mutum zai iya cira. Na sa kati a inji, ya tofo mini shi. Na sa na biyu, haka. Aka kuma hana raba kati a bakin titi, teburina ya tashi. Da na zauna na haɗa lissafi, miliyan talatin da biyu ake bina, kuma kuɗin ruwan jinkiri kaɗai ya fi abin da nake samu a wata lokacin da nake da aiki.

Fiye da rabin bashin na kamfanin da na yi wa aiki ne. Sai na ce ai sun san ni. Na sa baƙar rigar da na yi makoki da ita, don ita ce mai kyau da ta rage mini, na tafi reshensu.

Wanda aka tura ni wurinsa Manaja Eom ne, shugaban sashen karɓar bashi. Bai wuce shekara talatin da biyar ba, fari sol, farcensa a gyare. Ya ja mini kujera da kansa, ya sa aka kawo mini shayin sha'ir.

"Yallaɓai, ban zo in ce ba zan biya ba," na ce. "A tsayar mini da kuɗin ruwa kawai, a raba mini sauran. Ko dubu ɗari uku ne a wata zan riƙa kawowa. Mijina ne ya rasu."

"Ina yi miki ta'aziyya, Madam Pyeon. Kina da gida?"

"Haya nake."

"Akwai wanda zai tsaya miki? Mai gida ko fili, ko mai albashi?"

"Babu."

"To kin ga matsalar." Ya buɗe tafin hannunsa duka biyu. "In da mai tsaya miki, yanzu zan mayar da shi rance na shekara biyar. In babu, tsarin ba ya karɓa. Ba ni ba ne, tsarin ne."

"Shekara biyu na yi muku aiki, cikin rana da sanyi."

"Kuma an biya ki, ko akwai watan da ba a biya ki ba?"

Na durƙusa. Ya bar ni a haka yana duba na'urarsa, har na fara jin sanyin daɓen ya ratsa ƙashina. Can ya ce, "Kai. Mutum dubu ɗaya da ɗari huɗu kika yi wa kati? Ke kaɗai?"

"Eh, yallaɓai."

"Kin san su?"

"Yawancinsu 'yan kasuwarmu ne."

"Tashi ki zauna, Madam, mutane na kallo." Ya juyo da fuskar na'urar wajena. "Kusan ɗari uku daga cikinsu sun daina biya. Yaran da nake da su a waya ba su san kowa ba, karatun takarda kawai suke yi. Bashinki ba zan iya taɓa shi ba. Amma aiki, zan iya ba ki. Babu albashi, kamasho ne. Rabi ki riƙe, rabi ya tafi kan abin da ake binki."

Na ce na gode. Har da sunkuyawa sau biyu.

Ɗakin da muke kiran waɗanda ake bi bashi yana hawa na shida, babu taga. Mu arba'in ne, kusan duk mata, kowace da waya a kunne da ɗan allo tsakaninta da ta kusa da ita. A bango akwai farin allo da sunayenmu, kowace safiya a rubuta abin da kowa ta karɓo. Wadda ta zo ƙarshe sau uku a jere, ba ta dawowa.

Ranar farko na kira mutum sittin, na yi kuka sau biyu a banɗaki, ban karɓo ko sisi ba. Mako na biyu na gane abin da Manaja Eom ya gani a jikina. Sauran matan barazanar kotu suke yi, mutane kuma sun riga sun saba da jin ta. Ni kuwa na san wadda mijinta bai san tana da kati ba. Na san mai gyaran takalmin da 'yarsa za ta auri ɗan gidan malamin makaranta. Ba na ɗaga murya. Sai in ce, "Baba, ni ce Suk-hui ta bakin ƙofa. Na ji an sa ranar biki, na taya ku murna. Surukan naku har yanzu suna nan bayan gidan waya? Ina tsoron kar takardarmu ta ɓata hanya ta je can." Washegari kuɗi su shigo. Inda ya samo su, ban tambaya ba.

A wata na biyu sunana ne a saman allo. Abin da nake kaiwa gida yana isata haya da shinkafa. Rabin da ke tafiya kan bashina kuwa ko kuɗin ruwan bai cika rufewa ba, sauran kamfanoni huɗun kuma suna kirana a wayar hannu ina tsaka da kiran wasu.

Tun da na fara aikin ban sake taka kasuwa ba. Labarin Bok-rye a bakin wata 'yar kasuwar na ji shi. An buɗe katafaren kanti a tsallaken titi, ciniki ya mutu, ta riƙa biyan hayar rumfa da kati, ga miliyan ukun da ta ciro mini suna ta haihuwa. Wata safiya aka wayi gari rumfar a rufe, ɗakinta babu kowa, wayarta ba ta shiga.

Manaja Eom ne ya ajiye mini fayil ɗinta a kan tebur da hannunsa.

"Miliyan goma sha tara. Wata biyu babu wanda ya ji ɗuriyarta. Wannan rubutun hannunki ne a takardar, ko ba haka ba?"

"Nawa ne."

"A wurin dangi an rubuta babu. Da gaske babu?"

Ni na rubuta babu, don sauri. Amma na san tana da uwa a ƙauye a Uiseong, tsohuwa mai gonar tafarnuwa. Sau biyu na raka ta can lokacin bikin kaka.

Ya ja kujera ya zauna kusa da ni, ya rage murya.

"Bari in gaya miki abin da zan iya yi. Kawo mini mai tsaya mata, mai fili. In kin kawo, zan kai maganarki sama da kaina. A share miki tarar jinkiri, a raba miki sauran shekara biyar, ba sai da mai tsaya miki ba."

"Ka ce tsarin ba ya karɓa."

"Ga ma'aikaciyar da ta fi kowa, akan samu hanya."

"A rubuta mini, yallaɓai."

Ya yi dariya. "Haba, Madam Pyeon. Maganata ba ta isa ba?"

Kwana tara fayil ɗin yana cikin aljihun teburina. Ina so a san wannan, ko da ba zai rage komai ba: kwana tara na yi. A rana ta goma na koma gida na tarar ma'aikatan kotu sun zo da sunan ɗaya daga cikin sauran kamfanonin, mai gidan ya buɗe musu, sun manna jar takardar ƙwace kaya a jikin firji da talabijin da keken ɗinkina. Matar mai gidan tana tsaye a matakala da maƙwabta biyu. Ta ce, "Mu gidan nan ba a taɓa kawo mana irin wannan ba." Asabar da safe na sayi kwalin lemon kwalba, na hau motar Uiseong.

Lokacin cirar tafarnuwa ne. Na same ta a gona, a tsugune, bayanta ya lanƙwashe har ba ta iya miƙewa sosai. Shekararta saba'in da huɗu. Ta ɗaga hannu ta kare rana, ta daɗe tana kallona.

"Wa nake gani kamar Yayar Bok-rye?"

"Ni ce, Inna."

"Ayya, 'yata! An ce mijinki ya rasu, ban samu zuwa ba, ƙafafun nan. Dubi yadda kika rame. Kin ci abinci?"

Ba ta bar ni na yi magana ba sai da ta dafa shinkafa, ta yi miyar waken daddawa, ta fasa ƙwai biyu cikin kasko. Ta zauna tana kallona ina ci. Sannan ta ce, "Faɗa mini gaskiya. Me yarinyar nan ta yi? Takan kira ni daga wayar kan titi, ta ce lafiya lau, ta kashe. Ni na haife ta, na san muryarta."

Na gaya mata akwai bashi. Na ce in ba a yi wani abu ba za a kai ta kotu, wataƙila a kulle ta. Ba a kulle mutum don bashin kati, na san haka sarai. Tsohuwar ta dafe ƙirji.

"Amma yanzu a kamfanin nake aiki, Inna. Na roƙi manajanmu, ya yarda a rage mata kuɗin ruwa, ta riƙa biya kaɗan-kaɗan, ta daina ɓuya. Abin da ake so kawai wani nata ya buga hatimi, a san tana da dangi."

"Gonar fa? Babansu ya ce ko za a mutu da yunwa kar a taɓa ta."

"Babu mai taɓa gona. Suna ne kawai a takarda."

"Ni ban iya karatu ba. Ke kin karanta?"

"Na karanta, Inna."

Ta shiga ɗaki ta buɗe akwatin katako, ta fito da hatiminta, wanda ake bugawa a madadin sa hannu, a ƙulle cikin tsohuwar safa. Wuri huɗu na nuna mata da yatsa, ta buga. Hannunta na rawa, sai na riƙe mata shi a na ƙarshe don kar jar tawadar ta goge. Na kwana a gidan har Litinin, na ɗauko tasi na kai ta ofishin gunduma ta karɓo takardar shaidar hatimi. Ta dage sai ita za ta biya kuɗin tasin. Da zan tafi ta ba ni lambar wurin da Bok-rye ke aiki, wadda ta taɓa ba ta don ko-ta-kwana, ta kuma ɗaure mini tafarnuwa dami guda, mai nauyin da sai da direban mota ya taimaka mini.

A garin Pohang na sami Bok-rye, a wata ma'aikatar gyaran kifi kusa da tashar jiragen ruwa. Ta fito da dogon takalmin roba, hannayenta duk sun tsattsage. Da ta gan ni ta rungume ni da ƙarnin kifin da komai.

"Yaya! Na ɗauka ke ma kin gudu."

Na nuna mata shafin farko kaɗai: rance na shekara uku, a daina kiranta, a cire sunanta daga jerin waɗanda ake nema. Shafin da ke da hatimin uwarta yana cikin jakata.

"Ba a ce sai da mai tsaya wa mutum ba? Haka suka ce mini kafin in gudu."

"Na san manajan. Ya ɗaga miki."

"Kar dai a sa Inna cikin wannan abin, Yaya. Ko sunanta kar a ambata."

"Wa zai sa ta?"

Ta sa hannu. Biyan wata ya kama dubu ɗari bakwai da ashirin, albashinta kuwa dubu ɗari takwas ne. Ta ce za ta ƙara aikin Lahadi. Ni da na yi wata uku ina kallon irin waɗannan takardu, na san ba za ta kai kaka ba. Ba ta yi mini maganar miliyan ukunta ba, ni ma ban yi ba.

Wata biyu ta biya. Na uku ta biya rabi. Daga nan kamfanin bai ƙara kiranta ba ma, kai tsaye ya nufi gonar. Kotu ta yi abin da takarda ta ce, kafin tafarnuwar da tsohuwar ta shuka da kaka ta fito, an yi gwanjon gonar da gidan da ke jikinta. Wani mai gidan mai daga garin ya saya.

Duk tsawon lokacin nan ina tuna wa Manaja Eom alkawarinsa, yana cewa maganar tana sama. Ranar da kuɗin gwanjon suka shigo na shiga ofishinsa ban ƙwanƙwasa ba.

"Yallaɓai, an gama. Saura nawa."

"Zauna, Madam Pyeon. Dama ina nemanki." Ya ciro takarda. "Bashinki ba ya hannunmu yanzu. Makon jiya hedikwata ta tattara duk wanda ya wuce shekara ba a biya ba, ta sayar wa wani kamfanin karɓar bashi. Naki na ciki. Su za su neme ki."

"Ka yi mini alkawari."

"Na ce zan kai maganarki sama. Na kai."

"Tsohuwar nan ba ta da wurin kwana! Ni na riƙe hannunta!"

"Ni na aike ki Uiseong? Ni ban ma san tana da uwa ba. A takarda an rubuta babu." Ya tura mini takardar. "Kamashonki na wannan fayil dubu ɗari biyar da saba'in ne, an riga an zuba shi kan kuɗin ruwa kafin a sayar. Abu na biyu kuma, an fito da sabuwar doka. Duk wanda sunansa ke jerin waɗanda suka kasa biyan bashi ba zai yi aiki a sashen nan ba. Kin san yadda jaridu suka sa mu gaba. Juma'a ce ranarki ta ƙarshe." Ya miƙe ya sunkuya mini kaɗan. "Gaskiya ban taɓa samun ma'aikaciya kamarki ba."

Na koma ɗaki guda a saman wani shagon wanki, ina share benaye da safe. Sabbin masu bashin ba su san shayin sha'ir ba. Sau ashirin a rana suke kira, wani lokaci su turo maza biyu su tsaya a bakin shagon suna shan taba.

Ina jiran kiran Bok-rye tun ranar gwanjo. Sai da aka yi wata biyu ya zo. Muryarta lafiya lau.

"Yaya, mun dawo Daegu ni da Inna. Tana son ganinki. Gobe da azahar, gidan gasasshen naman nan na kusa da tashar jirgin ƙasa."

Na yi tunanin ƙin zuwa. Amma na ga gara ta mare ni a gaban mutane a wuce wurin.

Na same su zaune a ƙasa gaban teburin gashi. Tsohuwar ta sa kayanta na biki, ruwan hoda, sun yi mata yawa yanzu. Tana ganina ta kama hannuna da nata biyu ta fara kuka.

"'Yata, sannu. Na ji duk wahalar da kika sha. An ce har durƙusawa kika yi gaban manajan don a bar mini gonata." Ta juya ta harari Bok-rye. "Wannan ce ta je ta sayar a ɓoye. Gonar ubanta. Ta sa hannu ta karɓi kuɗi, ni ina zaune ban sani ba, sai ga mutane da takarda."

Na dubi Bok-rye. Tana jera nama a kan wuta da almakashi a hannu, ba ta ɗago ba.

"Ku ƙaro haƙarƙarin shanun gida, mai tsadar, na mutum huɗu," ta ce wa mai hidima. "Yayata ce ta zo."

Tsohuwar ta riƙa ɗauko naman da ya gasu tana naɗe shi cikin ganyen latas tana miƙo mini har baki. "Ci, 'yata. Ke da ba ni na haife ki ba kin fi wadda na haifa. Ke kuma kar ki taɓa wannan, na Yayarki ne. Kin ci gona, bai ishe ki ba?"

"To, Inna," in ji Bok-rye.

Na tauna. Na haɗiye. Ta sake miƙo wani.

Da tsohuwar ta tashi zuwa banɗaki, mai hidima ta riƙe ta, Bok-rye ta ajiye almakashin.

"Na ga takardar a kotu," ta ce. "Wuri huɗu. Na ƙarshen ya fi sauran fitowa, da gani an taimaka mata."

"Bok-rye, ki bari in..."

"Yi shiru, Yaya, ba ta daɗewa. Kin san abin da ya sa na ce ni na sayar? In ta san da hannunta ta buga hatimin da ya cinye gonar mijinta, ba za ta kai mako ba. Gara ta tsane ni. Ɗaki ɗaya muke kwana, tabarma ɗaya. Ba ta cin abincin da na dafa sai na fita. Kullum da safe sai ta tambaye ni ko na kira ki na gode miki." Ta zuba mini ruwa a kofi da hannu biyu, kamar yadda ƙanwa ke yi wa yayarta. "Nawa suka ba ki?"

Na gaya mata. Na kuma gaya mata ko a hannuna ban riƙe su ba.

Ta yi dariya har sai da na teburin kusa suka waiwayo. "Dubu ɗari biyar da saba'in. Ai da kin tambaye ni, Yaya. Da na ciro miki."

Tsohuwar ta dawo. Bok-rye ta ɗaura mata gyale, ta sa mata takalmi, ta ce, "Inna, yi wa Yaya godiya, ita ta ce yau ita za ta biya." Tsohuwar ta sunkuya mini, da wannan bayan nata, har goshinta ya kusa taɓa teburin. Suka fita a hankali, Bok-rye na riƙe da gwiwar hannunta, ita kuma tana fizgewa.

Kuɗin abincin dubu ɗari da talatin da takwas ne. Dubu goma sha ɗaya ke jakata. Mai gidan abincin, wata ƙatuwar mace, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ta ga irina da yawa a bana. Ta karɓi katin shaidata ta kulle a aljihun tebur, ta nuna mini ƙofar kicin. Kwana huɗu na yi ina kankare ƙarafan gashi kafin ta mayar mini da shi. A rana ta biyar ta ce in ina so in ci gaba da zuwa, mai wanke-wankenta ta gudu. Shekara tara na yi a kicin ɗin nan. Daga baya aka buɗe hanyar da kotu ke raba wa irinmu bashi, na shiga, na biya shekara biyar ina cin ragowar abin da baƙi suka bari.

A hunturu na biyu bayan cin naman, ina tsaka da wanke-wanke aka ce ana kirana a wayar gidan abincin. Na goge hannu na ɗauka.

"Inna ta rasu jiya," in ji Bok-rye. "Kwana uku tana kiran sunanki. Ta ce in ba ki zobenta, ta ce kar in kuskura in sayar."

Na tambaye ta a ɗakin makokin wane asibiti ake karɓar gaisuwa.

"Kar ki zo," ta ce. "Zoben kuma na sayar, da shi na biya kuɗin ƙona gawar."

Ta kashe wayar. Mai gidan ta leƙo ta ce teburi na shida suna jiran ƙarfen gashi mai tsabta, na koma na ɗauko musu.